Bayan an tafi da sarki, talakawa me suka ci da dare?

Kowace shekara, idan sanyi ya fara shigowa, darasin tarihi a ajin farko na kwaleji yakan kai mu ga Rum. Mun baro Masar, mun baro Girka, sai ga Rumawa da rundunoninsu. Littafin da ke hannunmu ba ya ɓata lokaci: ga taswirar daula, ga sunayen sarakuna, ga hoton wata babbar gada, ga shekarun da za a hardace domin jarrabawa. Haka na yi shekaru ina karantar da shi. Yara su kwafa, su hardace, su rubuta, su manta.

Wata rana ina ba da labarin yadda Yuliyus Kaisar ya ci ƙasar Gol, wato Faransa ta yau da Beljiyam da wani yanki na Suwizalan da Jamus. Na kai inda jagoran Golawa, Vercingetorix, ya miƙa wuya aka tafi da shi Rum. Sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to da aka tafi da sarkin, su mutanen garin me suka ci da dare?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, amma na koma gida da tambayar, domin a makarantar horar da malamai ba wanda ya taɓa yi mana ita. Tun daga ranar na sake wa darasin fasali. Abin da na tara ne nake son in ajiye a nan domin ƴan'uwa malamai da iyaye, musamman yanzu da wasu ke cewa mu daina ɓata lokacin yaranmu da tarihin Turawa. Ni dai ina ganin wannan babi, idan an karantar da shi daga ɓangaren waɗanda aka ci da yaƙi, yana cikin masu amfani ga ɗan Nijar.

Da farko sai yara su san su wane ne Seltawa. Jama'a ne da suka bazu a yammacin Turai da tsibiran Birtaniya, harsunansu dangin juna ne, amma ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. A Gol kaɗai akwai ƙabilu wajen 60, kowace da manyanta, wasu ba sa ga maciji da juna. Suna da garuruwa masu ganuwa a bisa tuddai, irin Bibracte ta ƙabilar Edui. Suna buga kuɗinsu na zinariya da azurfa. Maƙeransu sun ƙware a ƙarfe. Suna sa wando lokacin da Barume ke naɗa zane yana ganin wando kayan ƙauyawa ne. Sun san gangar katako ta ajiyar abin sha, suna haɗa wani irin sabulu da kitse da toka. Malaman addininsu, da ake ce wa durwid, su ne alƙalai kuma su ne masu karantarwa. Kaisar da kansa ya ce ɗalibinsu kan kai shekara 20 yana hardace karatu da ka, don ba su yarda a rubuta ilimin addini ba, ko da yake suna amfani da haruffan Girka wajen lissafi da wasiƙa. Idan na faɗi wannan, yaran da suka yi makarantar allo sukan gyaɗa kai, sun san nauyin hadda.

Ba na ɓoye musu ɗayan gefen. Seltawa suna yaƙar juna, suna kama bayi. Wani marubucin Girka ya ba da labarin cewa fataken Italiya kan karɓi bawa guda a kan tulun giyar inabi guda. Rumawa kuma sun zarge su da yanka mutane domin gumaka. A nan nake koya wa yara abu na farko da ɗan tarihi ke tambaya: wa ya rubuta? Kusan duk abin da aka rubuta a kan Golawa na wancan zamani, baƙi ne suka rubuta shi, babban cikinsu kuwa shi ne janar ɗin da ya ci su, yana aika rahoto gida don a yaba masa a ƙara masa iko.

Yaƙin ya ɗauki shekara takwas, daga 58 zuwa 51 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kudancin ƙasar, wajen Narbonne, ya riga ya shiga hannun Rum tun wajen shekara ta 120. Abin lura shi ne Kaisar ya shiga sauran ƙasar ne da sunan taimako, domin Edui abokan Rum ne, su suka nemi ya kare su daga maƙwabtansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya shiga, ya ƙi fita. A shekara ta 57 ya ci garin wata ƙabila a arewa ya sayar da mutanensa gaba ɗaya, shi da kansa ya ce dillalan sun ƙirga kai dubu 53. A shekara ta 52 Vercingetorix, matashi daga ƙabilar Arverni, ya haɗa kan ƙabilu da yawa, ya kori Kaisar daga Gergovia, sannan aka ritsa shi a Alesia. Rumawa suka kewaye tudun da shinge biyu, na ciki wajen kilomita 15 don kada a fita, na waje wajen kilomita 20 don kada a kawo ɗauki.

A nan amsar yarinyar nan take, kuma amsa ce mai ɗaci. Da hatsi ya yi ƙaranci a cikin Alesia, mayaƙan Golawa suka fitar da masu garin, tsofaffi da mata da yara, don abincin ya ishi masu faɗa. Suka gangara wajen Rumawa suna roƙon a karɓe su ko a matsayin bayi, a ba su abin da za su ci. Kaisar ya hana. Suka rage tsakanin ganuwar garinsu da shingen maƙiyi, yunwa ta kashe su. Vercingetorix kuwa ya yi shekara shida a kurkuku a Rum, aka zagaya da shi gari ranar bikin nasara a shekara ta 46, aka kashe shi. Gari na ƙarshe da ya yi turjiya, Uxellodunum, an yanke hannuwan mayaƙansa aka sake su don kowa ya gani. Aka ɗora wa ƙasar harajin sastar miliyan 40 kowace shekara, sastar kuwa ita ce kuɗin lissafin Rumawa.

Idan na gama wannan, sai in ce wa yara: yanzu mu tsallake shekara 150, mu sauka a wani ƙauyen Gol wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, mu kwana. Na zaɓi ƙauye da gangan, domin masana sun yi kiyasin takwas ko tara cikin kowane mutum goma a ƙauye suke. Hotunan littafi duk na birni ne, alhali birni na ƴan kaɗan ne.

Gidan manomi na itace ne da yaɓen laka, rufin ciyawa, murhu a tsakiya, hayaƙi na fita ta jinka. A Birtaniya ma ɗakunan zagayayyu ne, kuma an ci gaba da gina su haka ɗaruruwan shekaru bayan zuwan Rumawa. Da asuba uwar gida ta hau dutsen niƙa mai juyawa. Hatsinsu alkama ne da sha'ir da wani irin gero. Ana yin gurasa, ana dama kunu mai kauri, a haɗa da wake ko ganye, wani lokaci da cuku. Babu sukari, zuma ce abin zaƙi. Namansu mafi shahara na alade ne, har ana sa masa gishiri a kai Rum a sayar, sai na shanu da na tumaki. Abin shansu giyar hatsi. Yaro na kiwo tun yana ƙarami, yarinya na kaɗi da mazari. Sanyin ƙasar ya sa suke sa wata riga mai kauri ta ulu mai hula a haɗe, wadda ta yi suna har wani sarkin Rum ya samu laƙabinsa, Karakalla, daga gare ta. Jarirai da yawa ba sa kai shekara. A manyan gonakin arewa akwai wani keken girbi mai haƙora a gaba, dabba na tura shi daga baya yana tsinke kan alkama. Golawa ne suka ƙirƙiro shi, an ga surarsa a sassaƙe jikin duwatsu a Beljiyam.

Sai in tambaye su: to a wannan gida, ina Rum take? Sukan duba su ce ba su gan ta ba. Sai in ce ku jira mai lanho. Tun shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa sarki Augustus ya sa aka yi ƙidayar mutane da gonaki a Gol, ƙidaya kuwa ƙofar haraji ce. Akwai harajin ƙasa, akwai na kai, akwai kuɗin fito na kashi ɗaya cikin 40 a kan kayan da ke shiga ko fita. Akwai ɗaukar samari aikin soja na shekara 25, wanda ya gama da rai a ba shi takardar zama ɗan Rum a rubuce jikin tagulla. Labarin da yara suka fi so shi ne na Lisinus. Bagole ne da aka kama bawa, Kaisar ya ƴanta shi, Augustus ya ba shi riƙon harajin Gol. Da yake wasu kuɗaɗen wata-wata ake biya, sai ya ce ai sunan Disamba ma'anarsa wata na goma, don haka saura wata biyu shekara ta cika. Ya mai da shekara wata 14. Da aka kai ƙararsa, ya ja sarki zuwa gidansa ya nuna masa tarin dukiyar, ya ce domin sarki ya tara ta, don kada Golawa su samu abin yin tawaye. Ya tsira. Yara su yi dariya, daga nan kuma su riƙe cewa Disamba daga goma take, Yuli daga Yuliyus, Agusta daga Augustus. Su kuma riƙe cewa wanda ya fi matsa wa Golawa a wannan labari ɗan ƙasa ne. A shekara ta 21 bashi da haraji suka tayar da tawaye ƙarƙashin manyan Golawa biyu, Florus da Sacrovir, aka murƙushe shi.

Rana ta biyu muna zuwa kasuwa a birni. Rumawa sun sauko da mutane daga tuddai. An bar Bibracte aka gina Autun a fili, wajen kilomita 25 daga can, da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna. Liyon, da aka kafa a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, ta zama cibiya, manyan hanyoyi suka tashi daga gare ta zuwa teku da kogin Rhin. A birni akwai dandali, akwai gidan wanka na jama'a mai ruwan zafi da na sanyi, akwai filin kallo inda mutane ke faɗa da juna ko da namun daji har mutuwa. Gadar nan ta littafi, Pont du Gard, tsayinta ya kusa mita 49, tana cikin magudanar da ke kawo ruwa birnin Nimes daga nisan wajen kilomita 50, gangaren duka bai kai mita 13 ba. Wannan gwaninta ce, ba na rage mata komai. Amma nakan sa yara su yi layi biyu a allo: wa ya amfana, wa ya biya. Ruwan na zuwa maɓuɓɓugan birni da gidajen wanka da gidajen masu hali. Manomin da magudanar ta ratsa gonarsa an hana shi ya huda ta.

Duk da haka ba kowane talaka ne ya yi asara ba, kuma wannan ma gaskiya ce da ya kamata yaro ya ji. Zaman lafiya tsakanin ƙabilu da hanyoyi masu kyau sun buɗe ciniki. A La Graufesenque, kusa da Millau a kudancin Faransa, maginan tukwane Golawa sun riƙa gasa jajayen kwanoni masu sheƙi, dubbai a gashi ɗaya, ana kai su ko'ina cikin daula. A Pompei, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an samu akwatin kwanoninsu ko buɗe shi ba a yi ba. Maginan sun bar lissafin aikinsu a karce jikin faranti: sunan kowa, irin kwanon, da yawansa. Lissafin da haruffan Latin ne, amma kalmomin gauraye ne, Golanci da Latin, kamar yadda makanike a Maraɗi ke haɗa Hausa da Faransanci cikin jimla ɗaya ba tare da ya lura ba.

Rana ta uku ta manya ce, kuma ita ce zuciyar darasin. Rumawa ba su da yawan ma'aikatan da za su riƙe ƙasa irin Gol, don haka suka riƙe ta da manyanta. Kowace ƙabila aka mai da ita gunduma, manyan gidajenta suka zama majalisar birni, su ke tara haraji, su ke gina gidan wanka da kuɗinsu don a rubuta sunansu a dutse. Daga shekara ta 12 kafin haihuwar Annabi Isa, kowace ranar 1 ga Agusta wakilan ƙabilun 60 kan taru a Liyon su yi bikin biyayya ga Rum da sarkinta. A garin Saintes akwai wata ƙofar dutse da wani attajiri ya gina wajen shekara ta 19, ya rubuta asalinsa a jiki. Kakan babansa sunansa Epotsorovidius, sunan Golawa tsantsa. Kakansa da babansa sun haɗa sunan Rum da na gida. Shi kuwa Gayus Yuliyus Rufus, babu ko ɓurɓushin Golanci. Nakan rubuta sunayen a allo ɗaya ƙarƙashin ɗaya in yi shiru. Yara sukan gane kafin in yi bayani.

Hanyar wannan sauyi makaranta ce. A Autun akwai makarantar da ƴaƴan manyan Gol ke koyon Latin da iya jawabi, har Sacrovir ya fara da kame su lokacin tawayensa don ya ja iyayensu. A Birtaniya, gwamna Agrikola ya sa aka karantar da ƴaƴan sarakuna, waɗanda da suke ƙin Latin suka koma gasar ƙwarewa a cikinsa, suka shiga naɗa zanen Rumawa da zuwa gidan wanka. Surukinsa Tasitus, wanda ya rubuta labarin, ya ga cewa abin da suke ɗauka wayewa ce wani reshe ne na bautarsu. Barume ne ya faɗi haka, ba maƙiyin Rum ba. A shekara ta 48 sarki Kalaudiyus, haifaffen Liyon, ya shawo kan majalisar dattawan Rum ta karɓi manyan Golawa a cikinta, an kuwa tono jawabin nasa a rubuce jikin tagulla a Liyon a 1528. A shekara ta 212 aka ba kusan duk ƴantattun daular matsayin ɗan Rum.

Ban taɓa kai nan ba tare da wani yaro ya ce, "Mushe, ai irin na Nasara ne." Yana da hujja. Faransawa sun buɗe makarantar ƴaƴan sarakuna a Saint-Louis ta Sanagal a 1855, ana ma kiranta makarantar ƴan garkuwa. Sun riƙe ƙasarmu da sarakunan gargajiya masu tara lanho ƙarƙashin kumandan. Kuma masu ra'ayin mulkin mallaka a Faransa sun sha kwatanta kansu da Rumawa, suna cewa kamar yadda Rum ta waye da kakanninsu haka su ma za su waye da wasu. Abin mamaki, a daidai wannan zamani ne suka ɗaukaka Vercingetorix ya zama gwarzon ƙasa, aka kafa masa babban mutum-mutumi a Alesia a 1865. Suna yabon wanda ya ƙi baƙin mulki a gida, suna harbin irinsa a Lugu da Damagaram a 1899.

Sai dai nakan ja wa yara birki, don kwatance idan ya wuce gona da iri ya zama ƙarya. Rum ta yi fiye da shekara 500 a Gol, Faransa ta yi wajen 60 a Nijar. Jikokin Golawa sun zama ƴan majalisar Rum da janar-janar, har suka daina ganin kansu wasu mutane dabam. Rum ba ta zo da addinin da take son kowa ya shiga ba, ba ta kuma buɗe wa ƴaƴan talakawa makaranta ba. Ɗan tarihi na neman inda abubuwa suka yi kama, yana kuma neman inda suka rabu.

Addini babi ne da nake takawa a hankali, tunda ajin nawa na Musulmi ne da ƴan Kirista kaɗan. Nakan ce musu muna nazarin abin da mutanen suka yi ne, kamar yadda muke karanta labarin Jahiliyya. Rumawa sun hana aikin durwid a ƙarni na farko, suna kafa hujja da yankan mutane, ko da yake durwid ɗin su ne kuma masu iya haɗa kan ƙabilu. Gumakan kuwa aka bar su, aka aurar da su ga na Rum. A ƙarƙashin cocin Notre-Dame ta Paris an tono wani ginshiƙi da masu jiragen kogi suka kafa zamanin sarki Tibariyus, gumakan Rum da na Gol a jere jikinsa. A garin Bath na Ingila, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, an samu ƙananan faifan dalma wajen 130 da mutane suka rubuta kukansu suka jefa a ruwa. Yawancinsu ƙarar sata ce: an ɗauke mini mayafi a wurin wanka, an sace mini kuɗi kaza, wanda ya ɗauka kada ya samu barci sai ya maido. A nan ne ake jin muryar talaka da kansa, kuma abin da ke damunsa rigarsa ce. Daga baya Kiristanci ya shigo, a shekara ta 177 aka kashe Kiristoci a filin kallo na Liyon, cikinsu har da wata baiwa, Balandina.

Birtaniya, da aka shiga a shekara ta 43, na ba ni labaran da ke riƙe hankalin ƴan mata. Akwai sarauniya Budika ta ƙabilar Iceni. Mijinta ya mutu, jami'an Rum suka ƙwace ƙasar, suka yi mata bulala, suka ci zarafin ƴaƴanta mata biyu. Wajen shekara ta 60 ta tayar da ƙabilu, aka ƙona garuruwa uku har da Landan, kafin a ci ta da yaƙi. Ba sai na ambaci Sarauniya Mangu ba, su ke ambatonta. Akwai kuma wasiƙun Vindolanda, wani barikin soja a arewacin Ingila, da aka fara tonowa a 1973, rubutun tawada ne a siraran katako. A ciki matar wani hafsa na gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta, wani soja an aiko masa da safa da takalma, wani rahoto kuma na kiran ƴan ƙasar da sunan raini. Sai Rejina, ƴar wata ƙabilar kudancin Birtaniya, baiwa ce, wani mutumin Tadmur ta Siriya mai suna Barates ya ƴanta ta ya aure ta. Ta rasu tana da shekara 30. Ya sa aka sassaƙa ta zaune da kayan kaɗinta, aka yi rubutun Latin, a ƙasa kuma ya ƙara layin makoki da harshen garinsu. A bangon da sarki Hadiriyan ya fara ginawa a shekara ta 122, mai tsawon wajen kilomita 117, har rundunar mutanen arewacin Afirka ta yi gadi. Sarki Septimus Seberus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, a York ya mutu a shekara ta 211. Yara kan yi mamakin jin cewa ɗan Afirka ya mulki Ingila.

Na bar maganar harshe ƙarshe domin ita ta fi tsaya mini a rai. Babu wata doka da aka sani ta Rum da ta hana Golanci. Ya daɗe yana raye. A Coligny an tono kalandar tagulla a 1897, ta ƙarni na 2, da Golanci, mai bin wata, tana jera wata 62 na shekara biyar. Golawa ma da dare suke ƙirga lokaci, kamar yadda muke cewa kwana uku. A Autun an samu gululun mazari da samari suka rubuta wa ƴan mata kalaman zolaya, rabi Golanci rabi Latin. A farkon ƙarni na 3 wani babban masanin shari'ar Rum ya ce ana iya barin wata irin wasiyya da Golanci. Amma Latin ne harshen kotu da soja da kasuwar birni da samun muƙami. Manya suka fara barin harshen, birni ya bi, ƙauye ya riƙe shi har wajen ƙarni na 6, sannan ya ɓace. Ba a taɓa rubuta littafi da shi ba, don haka waƙoƙinsa da tarihinsa da duk haddar shekara 20 ta durwid suka tafi da masu su. Abin da ya rage a Faransanci bai wuce ƴan ɗaruruwan kalmomi ba, yawancinsu na gona da daji: chemin hanya, mouton tunkiya, charrue garma, ruche amya. Sai sunayen garuruwa, irin Paris daga ƙabilar Parisi. A yammacin Birtaniya kuwa, inda hannun Rum bai yi nauyi ba, harshen Seltawan can ya rayu, jikansa ne ake yi a Wales har yau.

Faransancin da nake karantar da wannan darasi da shi, ashe jikan Latin ne, harshen waɗanda suka ci Golawa. Sunan Faransa ma daga Farankawa yake, wasu Jamusawa da suka karɓe ƙasar bayan Rum. Idan na faɗi haka aji kan yi tsit. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mutane sun yi ta muhawara, kuma ya dace a tuna cewa Nijar na da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauransu, waɗanda su ma suna iya ganin Hausa kamar yadda Bagole ya ga Latin. Abin da tarihin Gol ya nuna shi ne doka ba ita ta kashe harshen ba, iyaye ne suka ga ba ya kai ɗa ko'ina, kuma ba a rubuta shi ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga malamin da zai gwada, ba a bukatar kuɗi. Yumɓu na nan: yara su gina ɗakin manomi da gidan attajiri su kwatanta. Su murza ƙananan kwanoni kowa ya buga sunansa a gindi kamar maginan La Graufesenque, wani ya riƙe lissafi da lambobin Rumawa. A shafa kakin zuma a katako a yi rubutu da tsinke a goge, su ga allon ɗan makarantar Autun. A raba aji uku, manoma da manyan gari da jami'an Rum, a sa su sasanta harajin shekarar da damina ta ƙi. A wannan wasa ne nake gane wanda ya fahimta, domin ƴan rukunin manyan gari kullum su ke shan wahala: na sama na matsa musu, na ƙasa na zaginsu, su kuma ba sa son rasa kujera.

Aikin gida da nake bayarwa ɗaya ne. Kowa ya je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a gidansu ya tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa game da zamanin aikin dole, wanda aka soke a 1946: me ake ci, wa ke karɓar lanho, wa aka fara kaiwa lakwal kuma don me. Ya rubuto da harshen da tsohon ya yi magana da shi. Bara wani yaro ya kawo mini shafi huɗu na labarin kakarsa, da Hausa, har da sunan ganyen da suka ci a shekarar yunwa. Na ajiye takardun a akwati tare da na shekarun baya. Allah ya ba mu ikon ci gaba da tarawa tun masu ba da labarin suna raye.